Karen da Ya San Sallama

Yau ina so mu yi taɗi a kan wata magana wadda mai jinta zai ce ƙarama ce, amma kuwa ta ɓata zumunta a gidaje da dama a nan yammacin Zamfara, watau maganar kare da baƙo. Kowane mai gida yana neman abu biyu ga ƙofar zaurensa: ta karɓi baƙo, ta tare ɓarawo. To, ƙyaure da sakata ba su da ido, wanda ya zo da alheri da wanda ya zo da sharri duk ɗaya ne gare su. Don haka mutane suka ƙara da kare, mai kunne da hanci. Sai dai kare ma, in ba a hore shi ba, ƙyaure ne mai haƙora, da surukinka da ɓarawon akuyarka da murya ɗaya zai tarye su.

Ni mutumin Zugu ne, cikin ƙasar Bukkuyum. Sa'ad da mu ke yara, in ka ga kare a wajenmu, to, na ɗayan mutum uku ne: ko na mafarauci, ko na Bafillace a ruga, ko na manomin da ya yi bukka a gona don gadin hatsi da kaka. Dattijon kirki a tsakiyar gari ba ya ko tunanin ajiye shi. Amma zamani riga ne. Tun wajen shekarar 2011 da satar shanu ta tsananta a Zamfara, har ta rikiɗe ta zama kisa da satar mutane, barci ya yi wa jama'a wuya. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan wayar hannu a jihar har makonni masu yawa, mutum ba shi da halin kiran ɗan'uwansa na ƙauyen gaba ya ce masa ga abin da ke tafe. Da farkon Janairu na 2022 kuma 'yan bindiga suka auka wa ƙauyuka na ƙasar Anka da Bukkuyum, aka rasa rayuka masu yawa. A cikin irin wannan hali ne na ga mutanen unguwarmu, waɗanda da ba su yarda kare ya gilma ta gaban tabarmarsu, suna tambayar inda karya ta haihu. Ni ma ina cikinsu.

To, ga inda gizo ke saƙa. Masifar da ta sa muka nemi karnuka ita ce kuma ta yawaita mana baƙi. 'Yan'uwa na ƙauye su kan taso da kaya a kai, mata da yara da tsofaffi, su iso gari bayan almuru a gajiye, zuciyarsu cike da tsoro, abin da zai fara yi musu maraba kuwa shi ne haushi da gurnani. Na ga wannan da idona a gidan wani maƙwabcina. Gwaggonsa, tsohuwa tukuf, ta taso daga wani ƙauye na wajen Gummi, ta yi sallama a zaure, kare ya zabura ya yi kanta, ta juya za ta gudu ta faɗi, ƙwaryar da ta riƙo ta fashe. Bai cije ta ba, amma daren nan a gidan wani ta kwana, ta kuma rantse ba ta sake taka ƙofar ɗan ɗan'uwanta sai ran da aka fid da karen. Almajirai suka daina tsayawa bara a gidan, 'yan talla suka riƙa ratse shi, har masu zuwa gai da mara lafiya sai su tsaya daga nesa suna kwaɗa kira. Hausawa sun ce baƙonka annabinka, sun kuma ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ina amfanin shimfiɗar fuskar da baƙo ba zai samu isowa ya gani ba?

Na san wani zai ce, ai maganin abin shi ne kada a ajiye kare tun farko, tun da addini bai so. Ni ba mai fatawa ba ne, amma abin da muka ji daga malamanmu na Malikiyya shi ne an yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, kuma a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, ko da ya ke in ya sa baki a ƙwarya a kan wanke ta sau 7 don bin umurni. Game da gadin gida kuwa, malamai suna ba da labarin Ibnu Abi Zaidin na Ƙairawan, mai littafin Risala da a ke karantawa a kowane zaure na ƙasar nan, wanda ya rasu a shekarar 386 ta Hijira. An ce katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa Imamu Malik bai so haka ba, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Sa'an nan aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, ka ga ashe horon kare ba baƙon abu ba ne wanda Turawa suka kawo mana. Abin da ya rage ga mai gida shi ne ya tsare masa iyaka: ba ɗaki, ba wurin salla, ba randar ruwa, ba kuma firgita Musulmi.

Kafin a yi wa ciwo magani sai a san mafarinsa. Masana dabbobi sun ce kare jikan kyarkeci ne, amma babban kyarkeci a daji bai cika haushi ba. Zama da ɗan'adam shekaru dubbai shi ya sa haushi ya yawaita ga kare, domin mutane sun fi riƙon wanda ke faɗa musu an zo. Watau haushi shi ne sana'ar da muka ɗauke shi aiki dominta. Kunnensa kuma ya fi namu nesa ba kusa ba: ƙarar da ta wuce kaɗawa 20,000 a sakan ɗaya ta ɓace wa kunnen mutum, na kare kuwa yana kama wadda ta wuce 40,000. Ga hanci, wanda ke sanar da shi mutum kafin ido ya gan shi.

Yanzu ka sa kanka a matsayinsa a bakin zaure. Mai tallan fura ta zo, ya yi haushi, ta tafi. Mai wucewa da jaki ya gilma, ya yi haushi, ya wuce. Su dai da ma tafiya za su yi, amma a lissafin kare shi ne ya kore su. Kullum sai ya ci wannan nasara sau goma ko fiye, yaya za a yi ya bar sana'ar da ba ta taɓa faɗuwa ba? Wani dattijo mafarauci na ƙasar Gummi, wanda ya yi shekaru yana fita farautar rani da karnuka, shi ya warware mini zaren da magana ɗaya. Ya ce, "Malam, kare bai san baƙo ba, bai san ɓarawo ba. Abin da yas sani, wanga na gida na, wancan na waje na. Aikinai shi hwaɗa maka an zo, aikinka kai ka hwaɗa mai ko wa yaz zo."

Magunguna uku na ga mutane suna yi, duk ba su warkarwa. Na farko tsawa. Kare na haushi, mai gida na ihu, uwargida na ihu, yara na ihu, sai karen ya ɗauka taya shi a ke yi, ya ƙara ƙaimi. Na biyu duka, shi ne kuwa mafi muni. In kullum baƙo ya zo sai sanda ta sauka a bayan kare, abin da zai koya shi ne zuwan baƙo ke jawo masa azaba, sai ƙiyayyarsa ga baƙi ta ninka. In kuma dukan ya yi yawa har ya ji tsoron buɗe baki, to, ka sami karen da zai ciji mutum ba gargaɗi. Dattijon nan ya ce da ni, "In ka kashe haushin kare da sanda, haƙoranai na nan." Na uku shi ne a ɗaure shi dare da rana a turke bakin ƙofa. Ɗaurarren kare ba shi da hanyar gudu in ya tsorata, sai faɗa, ƙarfinsa kuma ba inda zai kashe shi sai a maƙogwaro. Maƙwabcin nan nawa da abin ya ishe shi sai ya kyautar da karen, bayan wata biyu ya samo wani wanda ya fi na farko fitina. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

To, bari in gaya muku yadda muka yi da nawa, wani baƙin kare mai farin ƙirji da yara suka sa wa suna Duna. Ya zo hannuna yana da kamar wata shida, bakinsa kuwa ba ya rufuwa. Abin da na sa a gaba shi ne ya ci gaba da faɗa mini an zo, amma in na ce na ji, ya yi shiru.

Na fara da ba shi wuri nasa. A gindin wata bishiyar darbejiya, nesa da hanyar da baƙo zai bi daga zaure zuwa cikin gida, na shimfiɗa masa tsohon buhu, na ajiye kaskonsa. Kullum da safe, sa'ad da ba kowa a ƙofa, sai in riƙe ɗan ƙuli-ƙuli a hannu, in ja shi da shi har kan buhun, in ce, "Kwanta." Cikinsa na taɓa buhu sai in sake masa. Ban ɗaukar lokaci mai tsawo, kamar abin da mutum zai sha koko ne, domin kare kamar yaro ya ke, in karatu ya yi tsawo sai hankalinsa ya tafi. Sirrin abin yana ga gaggawar tukuici. In ka jinkirta har ya tashi sa'an nan ka ba shi, to, ladan tashi ka biya. Cikin mako guda ya zama ko daga bakin rumbu na ce, "Kwanta," sai ya ruga kan buhunsa yana kaɗa wutsiya.

Sa'an nan muka shiga karatu na biyu. Na roƙi wani ɗalibina ya riƙa zuwa bayan la'asar ya tsaya a waje ya yi sallama. Duna ya yi haushi. In bar shi ya yi sau biyu ko uku, don wannan haƙƙinsa ne, sa'an nan in amsa sallamar da murya a kwance, in taka zuwa ƙofa ya ga na duba, in juyo in ce, "Ya isa. Kwanta." In bai kula ba sai in kai ƙuli-ƙulin kusa da hancinsa, zama kare ba ya iya haɗa shinshina da haushi a lokaci ɗaya. Yana yin shiru in kai shi kan buhu in ba shi. Yaron ba ya shigowa sai karen ya kwanta, in ya zabura sai yaron ya koma waje a sake daga farko. Ranar farko mun yi ya fi sau goma, har masu wucewa suna dariya suna cewa Malam ya buɗe wa kare makaranta. Na ce da su, ai ba a kiwon kare ranar farauta.

Wannan dabara tana da asali a ilmi. Wani masani na ƙasar Rasha, Ivan Pavlov, wanda aka ba lambar Nobel a 1904 saboda bincikensa kan narkewar abinci, ya lura cewa in aka saba yi wa kare wata ƙara kafin a ba shi abinci, a kwana a tashi ƙarar kaɗai ta isa ta tsinka masa miyau. Watau kare yana ɗaure abu da abin da ya saba biyo bayansa. Mu kuwa Allah ya hutasshe mu neman wata ƙara, muna da tamu tun kaka da kakanni, ita ce sallama. Baƙon kirki ta ƙofa ya ke zuwa, ya ɗaga murya ya yi sallama, ya jira a amsa. Ɓarawo ta katanga ya ke zuwa, da sanɗa, bakinsa a rufe. In kare ya saba cewa bayan sallama akwai amsar mai gida, bayan amsa akwai buhu da ɗan abin taɓawa, to, sallama ta zama masa albishir, haure katanga kuwa yana nan a matsayinsa na laifi.

Amma kada ka ce don ya saba da mutum ɗaya ya gama karatu. Kare ba ya ɗaukar hukuncin wannan ya ɗora wa wancan sai an nuna masa. Don haka na riƙa sauya masu zuwa: yau yaro, gobe dattijo da babbar riga da rawani, jibi mace da lulluɓi da kaya a kai, gata mai keke, sa'an nan mai sanda, wanda shi ya fi ba mu wahala. Muka yi da rana, muka yi da magariba, muka yi bayan lisha da fitila. Na kuma tara mutanen gida duka, tun daga uwargida har ƙaramin yaro, na ce kalma ɗaya za mu riƙe, kada wannan ya ce ya isa, wancan ya ce yi shiru, wata ta jefe shi da muciya. Da karatu ya zauna sai na fara rage ƙuli-ƙuli, wani lokaci a ba shi, wani lokaci yabo kawai da murya mai daɗi. Abu ɗaya ne na ƙi taɓawa da gangan, shi ne haushin da ya ke yi in ya ji ƙarar babura cikin dare daga wajen gari. Kowa a ƙasar nan ya san dalili.

Wata biyu muka yi a kan wannan. Ranar da na san aiki ya yi kyau ita ce ranar da innata, ƙanwar mahaifiyata, ta iso daga wajen Anka da jikokinta uku bayan an yi lisha. Ta yi sallama, Duna ya yi haushi sau biyu, na amsa, na ce ya isa, ya tafi ya kwanta. Ta shigo tana waige-waige, ta ce, "Ɗan nan, ashe gaskiya a ka hwaɗi, karenka ya san sallama?" Na ce, "Inna, ya san muryar mai gida dai, sannu da hanya." Cikin hunturun nan kuma, wani dare can tsaka, na ji ya canza murya, haushi mai kauri ba tsayawa, yana fuskantar katangar bayan garken awaki. Muka tashi da fitilu, maƙwabta suka fito, ba mu ga kowa ba, amma da gari ya waye ga sawun mutum nan a gindin katanga. Da na kashe masa baki da sanda tun farko, da wa zai tashe ni?

Wanda bai riga ya ɗauki kare ba, ga shawara: icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Wasu masana biyu na Amurka, Scott da Fuller, sun yi shekaru suna nazarin 'yan kwikwiyo, suka fitar da sakamakonsu a 1965, suka nuna cewa daga kamar mako 3 zuwa mako 12 da haihuwa shi ne lokacin da kwikwiyo ke saurin sabo da mutane. Abin da ya gani a kwanakin nan cikin kwanciyar hankali ba ya cika tsoronsa in ya girma. Saboda haka a bar shi ya ga mutane iri iri tun yana ƙarami, a hana yara jifansa da jan wutsiyarsa. A ciyar da shi kuma, a sake shi ya motsa jiki, zama mayunwacin kare ba ya jin karatu.

Akwai kuma wani haƙƙi na baƙo wanda ya fi duk waɗannan nauyi, shi ne allurar rigakafin ciwon haukan kare. Wannan ciwo in alamunsa suka bayyana ga mutum, kusan ba mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan duka kuwa ta cizon kare. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya fara ceton yaron da mahaukacin kare ya ciza da allura, a ƙasarmu kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin ta karnuka. Ka nemi ma'aikacin dabbobi ya yi wa naka, ka kuma riƙa sabuntawa yadda ya ce. In kuwa tsautsayi ya sa an ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga abin da zai faru.

Kai kuma baƙo, kana da naka rabon aikin. Ka yi sallama da murya, ka tsaya gefen ƙofa har a amsa, in ka yi sau uku ba a amsa ba ka koma, haka shari'a ta koya mana tun kafin a yi maganar kare. In ya fito, kada ka gudu, domin gudu ke kiran bi. Kada ka tsura masa ido, kada ka duƙa neman dutse. Ka tsaya cik, hannuwanka a jikinka, ka bar mai gida ya yi magana da abinsa.

Daga ƙarshe, jama'a, abin da na gane shi ne halin kare a bakin ƙofa halin mai gidansa ne. Wanda ya bar nasa yana korar 'yan'uwa da almajirai, ko bai faɗa da baki ba ya riga ya ce kada a zo, kora da hali kuwa ta fi kora da kara zafi. Tsoron zamani ya sa mun ƙara tsawon katanga, mun ƙara sakata, amma kada ya kai mu ga rufe ƙofa ga wanda ya gudo gare mu. 'Yan makonni na haƙuri da ƙuli-ƙulin da bai fi cikin aljihu ba sun isa su sa gida ya tsaru, zumunci kuma ya tsira. Allah ya kawo mana zaman lafiya a Anka da Gummi da Bukkuyum da sauran ƙasa baki ɗaya, ya mai da kowa gidansa, har karnukanmu su rasa abin yi wa haushi sai farin wata. Amin.